Daga Tantin Mutum Takwas Zuwa Tutar Mikiya: Tsarin Muƙamai a Rundunar Sojan Rumawa

Mai girma shugaban wannan taro, shugabannin ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, iyayenmu malamai waɗanda suka sha wahalarmu muna yara, yayyenmu da ƙannenmu, da ku 'yan ajinmu da nake hange can baya kuna ta murmushi tun ban ce komai ba, ina yi muku barka da zuwa.

Da kwamitin shirya taro ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabin bana, kuma in zaɓi abin da na ga dama, sai wasu abokai suka ce tun da ma'aikacin gwamnati ne ni, in yi magana a kan aikin gwamnati. Na ce musu abin da nake yi daga Litinin zuwa Juma'a ke nan, ba zan ƙara da Asabar ba. Sai na tuna wata rana muna aji huɗu, malaminmu na tarihi, Allah ya ƙara masa lafiya, ga shi nan zaune a sahun gaba, ya cika allo da akwatuna, ƙarami a cikin babba, ya ce wannan shi ne tsarin sojan Rumawa. Muka kwafe, muka haddace, muka ci jarrabawa, muka manta. Sai bayan na gama jami'a na fara aiki, na ga yadda takarda ke hawa daga teburin akawu zuwa na babban sakatare ta kuma sauko, sannan akwatunan nan suka dawo mini, na shiga neman littattafai a kansu. Saboda haka, Malam, yau aikin gida na kawo, ya yi lattin shekaru da dama, a yi mini afuwa.

Kafin in shiga, bari in raba wata gardama. Rumawan da zan yi magana a kansu su ne na tsohuwar daular da hedikwatarta ke birnin Rum na ƙasar Italiya, musamman daga zamanin Yuliyus Kaisar, wanda aka kashe a shekara ta 44 kafin Miladiyya, zuwa wajen shekara ta 250 Miladiyya. Rumawan da muka sani a tarihin Musulunci, na zamanin Hiraƙla, magadansu ne na ɓangaren gabas, kuma a lokacinsu tsarin soja ya riga ya sauya ƙwarai.

Malam daga sama ya fara zanensa. Ni daga ƙasa zan fara, don a ganina can ne maganar take. Ƙaramin rukuni a rundunar Rumawa mutum takwas ne, suna kiransa kontubaniyum, wato 'yan tanti ɗaya. In ana tafiya yaƙi, tanti ɗaya na fata suke kwana, in kuma a bariki ne, ɗaki biyu ake ba su, na gaba don kaya da makamai, na ƙurya don kwana. Suna da alfadarinsu mai ɗaukar tantin da dutsen niƙa. Babu wani babban ɗakin cin abinci irin namu na makaranta da za a kaɗa ƙararrawa kowa ya ruga da kwanonsa. Alkama ake auna wa soja tsabarta, su takwas ɗin nan su niƙa, su gasa gurasa ko su dama fate, su ci tare. To, mutumin da kuke ci a akushi ɗaya, kuke kwana kafaɗa da kafaɗa shekara da shekaru, in an ja dāgā shi ne a damanka. Da wuya ka juya ka gudu ka bar shi, ko ba don Sarkin Rum ba, ko don kunyar yadda za ka dube shi da daddare. Duk wanda ya yi zaman ɗakin kwana a makarantar nan ya san abin da nake nufi, ga shi har yau 'yan ɗaki ɗaya sun ware sun zauna a layi ɗaya.

Tanti goma su ne senturiya ɗaya, abin da za mu iya kwatantawa da kamfani a sojan zamani. Kalmar daga "ɗari" ta fito a harshen Latin, amma in ka lissafa takwas sau goma, 80 za ka samu. Wannan tarko ne da ya kama da yawa daga cikinmu a jarrabawa, har da mai magana. Shugabanta shi ne senturiyon, wanda zan dawo kansa don shi ne ginshiƙin jawabina. Ƙarƙashinsa akwai mataimakinsa, ofshiyo, wanda ke tsayawa a bayan sahu da doguwar sanda, don ya daidaita layi ya kuma tare mai shirin zamewa. Akwai tesarariyus, mai kula da gadin dare, wanda ke karɓo kalmar sirri ta wannan daren a rubuce a ɗan allo ya zaga da ita. Akwai mai busa ƙaho. Sai kuma mai riƙe da tuta, signifa, wanda ke yafa fatar dabba a kan kwalkwalinsa, kuma idon kowa na kan tutarsa a fagen fama, in ta yi gaba a yi gaba, in ta tsaya a tsaya.

Abin da ya ba ni mamaki game da mai tutar nan shi ne, shi ne kuma ma'ajin sojoji. A hannunsa suke ajiye abin da suka tara, don haka dole ya iya rubutu da lissafi. Albashin ƙaramin soja a zamanin Sarki Agustus dinariyus 225 ne a shekara, ana biya kashi uku, har Sarki Domishiyan ya ƙara shi zuwa 300. Dinariyus kuɗin azurfa ne, kuma daga sunansa ne kalmar dinari ta biyo ta Larabci ta iso gare mu. An sami wata takardar albashi a Masar ta shekara ta 81 Miladiyya, wadda ta nuna yadda ake zaftare wa soja kuɗin abinci, da na takalmi, da na tufafi, da na ciyawar dabba, har da na walimar shekara ta bariki, ragowar a rubuta masa a ajiya. Ma'aikatan da ke nan, in kun ga takardar nan za ku rantse daga ofishin akantanku ta fito. Kuɗin ajiyar kuwa yakan taru har ya zama haɗari. A shekara ta 89 wani gwamna a yankin Jamus ya yi tawaye ya dogara da ajiyar rundunoni biyu, shi ya sa bayan an murƙushe shi Domishiyan ya hana kowane soja ajiye fiye da dinariyus 250.

Daga nan lissafin ba wuya. Senturiya shida su ne kohot ɗaya, kamar bataliya ke nan, mutum 480. Kohot goma su ne lijiyon, babbar runduna. Daga wajen ƙarshen ƙarni na farko, kohot ta ɗaya ta bambanta da sauran, senturiya biyar gare ta amma kowace ninki biyu, wato mutum 800. In ka haɗa da mahaya 120 masu kai saƙo da leƙen asiri, runduna ta haura mutum 5,000 kaɗan, da senturiyon 59. Kowace runduna tana da lamba da suna da tutar mikiya guda ɗaya tak, wadda rasa ta shi ne abin kunyar da ya fi kowane. Agustus ya riƙe runduna 28. A shekara ta 9 Miladiyya ƙabilun Jamus suka yi wa kwamanda Barus kwanton ɓauna a dajin Tutobag suka hallaka uku, ta 17 da ta 18 da ta 19, kuma Rumawa ba su sake ba wata runduna waɗannan lambobi ba.

Ba haka tsarin yake tun asali ba. A zamanin yaƙe-yaƙensu da Hanibal na Kartaj, wajen shekara ta 216 kafin Miladiyya, manoma masu abin hannu ake kira su zo da makamansu, a jera su sahu uku bisa shekaru, samari a gaba, magidanta a tsakiya, dattawa masu dogayen māsu a baya. Littafin da muka karanta a makaranta ya ce wani janar mai suna Mariyus ne ya rushe wannan a shekara ta 107 kafin Miladiyya ya kawo sojan albashi. Masana na yanzu da yawa sun ce abin a hankali ya faru cikin shekaru masu yawa, an dai tattara an jingina wa mutum ɗaya ne. Malam, ba ni na faɗa ba. Abin lura dai shi ne sunayen sahun nan uku ba su mutu ba, sun ci gaba da zama laƙabin muƙaman senturiyon ɗaruruwan shekaru bayan sahun kansu sun ɓace. Hukuma ba ta saurin yar da tsohon suna, mu ma a ofisoshinmu akwai muƙaman da aikinsu ya daɗe da ƙarewa amma sunan yana nan a kan ƙofa.

Yanzu mu hau sama. Kwamandan runduna shi ne legatus, ɗan majalisar dattawa, galibi mai shekara talatin da 'yan kai, wato sa'anmu. Sarki ne ke naɗa shi, ya yi kamar shekara uku ya wuce zuwa gwamna ko wani muƙami. Babu wata makarantar horar da hafsoshi da ya shiga. Na biyunsa a daraja ya fi ba da mamaki: saurayi ne ɗan gidan manya, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, mai rigar da ke da faffaɗan ratsin shunayya, wanda ya zo ya ɗanɗana soja na shekara ɗaya ko biyu kafin ya shiga majalisa. Akwai wasu hafsoshi biyar masu siririn ratsi, daga ajin barade, wato masu dukiyar da ke ƙasa da 'yan majalisa, suna taimakawa da mulki da shari'ar bariki. A tsakaninsu aka saka mutum na uku a daraja, wakilin sansani, wanda yawanci dattijo ne da ya haura hamsin, tsohon babban senturiyon, shi ke kula da gini da abinci da kayan yaƙi da asibiti. Ku duba wannan jeri da kyau. Na ɗaya ɗan siyasa ne mai wucewa, na biyu yaro ne mai koyo, na uku ne kaɗai ya san inda kowane ƙusa yake. Ba na ce dukan kwamandojin ragwaye ne ba, a cikinsu an sami gwarzaye irin su Basfasiyan, wanda ya jagoranci runduna ta 2 a mamayar Birtaniya a shekara ta 43 kafin daga baya ya zama sarki. Amma tsarin bai dogara da a dace da gwarzo ba. An gina shi ne yadda ko an turo wanda bai san komai ba, runduna za ta tashi da asuba, ta yi tafiyar yini, ta haƙa ganuwa ta kafa sansani kafin dare.

Wa ke sa hakan ta yiwu? Mutum 59 ɗin nan. Ana gane senturiyon daga nesa, zankon kwalkwalinsa a gicciye yake daga kunne zuwa kunne, takobinsa a hagu alhali na sauran sojoji a dama, sannan a hannunsa akwai sandar itacen inabi, alamar muƙaminsa kuma abin dukansa. Mutanenmu sukan fassara shi da saje ko samanja, amma wannan ya rage masa daraja. Masana sun ƙiyasta albashinsa ya ninka na ƙaramin soja kamar sau 15, na babbansu kuwa, firimus filus, shugaban senturiya ta farko a kohot ta farko, kamar sau 60. Wannan babban yakan riƙe muƙamin shekara ɗaya, yana zama a majalisar yaƙi tare da kwamanda, in ya sauka ya shiga ajin barade, 'ya'yansa su tashi a matsayin manya. Har ila yau, kohot ta runduna ba ta da wani hafsa na musamman da aka naɗa mata, ga alama babban senturiyon cikin shidan ne ke jan sauran. Wato tsakanin mutum 80 da mutum 5,000 babu kowa sai su.

Kuɗin nan kuwa ba a banza suke ci ba, domin a sahun gaba suke tsayawa. Yuliyus Kaisar ya rubuta cewa a yaƙin Gargobiya, a ƙasar Faransa ta yau, a shekara ta 52 kafin Miladiyya, ya rasa sojoji kusan 700, da senturiyon 46. A Farsalus ta ƙasar Girka, a shekara ta 48, ya ce sojojinsa 200 suka mutu, senturiyon kuwa 30. Ko da mun ɗauka Kaisar ya rage yawan asararsa, kamar yadda janar-janar suka saba, ku duba rabon. A fareti senturiyon ɗaya ne cikin mutum 80, a cikin gawawwakin Farsalus kuwa ɗaya ne a kan kowane soja bakwai. A gidan tarihi na birnin Bon a Jamus akwai dutsen tunawa da wani Markus Keliyus, senturiyon na runduna ta 18, wanda ya mutu a yaƙin Barus yana da shekara 53 da rabi. An sassaƙa shi riƙe da sandarsa, ƙirjinsa cike da lambobin yabo. Ɗan'uwansa ne ya kafa dutsen, kabarin kuwa babu gawa a ciki.

Yaya ake kai wa ga wannan muƙami? Yawanci daga ƙasa ake hawa. Soja ya fara da kurtu, in yana da sana'a ko ya iya rubutu a ɗauke masa aikin ƙarfi kamar haƙa da share makewayi, daga nan ya sami muƙamin albashi ɗaya da rabi, sannan na ninki biyu, kamar ofshiyo ko mai tuta, sannan ya jira gurbi. Akwai wanda labarinsa ya fi burge ni, Fetroniyus Fotunatus, wanda kabarinsa ke Kasarin a ƙasar Tunisiya. Rubutun kabarin ya nuna ya yi shekara 50 a soja. Cikin shekara huɗu na farko ya yi akawu, ya yi mai kula da gadi, ya yi ofshiyo, ya yi mai tuta, sannan ya zama senturiyon da goyon bayan rundunarsa. Sauran shekara 46 ya yi su a wannan muƙami, ana yi masa canjin wurin aiki daga runduna zuwa runduna har 13, daga bakin kogin Danub zuwa Siriya, zuwa Jamus, zuwa Afirka, zuwa Birtaniya, zuwa Arabiya. Bai taɓa zama firimus filus ba. Duk wanda a cikinmu ke kukan an kai shi ƙaramar hukuma mai nisa, ko ya daɗe a mataki ɗaya, ya tuna da wannan bawan Allah da ya yi tafiyarsa ba mota ba jirgin sama. Amma kada in ɓoye muku ɗaya gefen. Akwai waɗanda ba su taɓa kwana a tantin mutum takwas ba, sun shigo kai tsaye a senturiyon saboda suna da wani a sama. Marubuci Filini Ƙarami ya faɗa da kansa a wata wasiƙa cewa ya samo wa wani ɗan garinsu wannan muƙami, har ya ba shi kuɗin sayen kaya. Takardar "ga yarona nan" ta girme mu duka.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu tsari ne na kan allo. Yadda abin yake a ƙasa, takardun bariki ne ke nuna shi, kuma nan ne ni ɗan fayil na fi jin daɗi. Ban da rundunonin 'yan ƙasa, Rumawa suna da sojojin taimako, waɗanda ake ɗiba daga ƙabilun da aka ci da yaƙi, yawansu ya kai na rundunonin ko ya fi. Su ba a tara su a lijiyon, bataliya-bataliya suke, ta ƙasa ko ta doki, ƙarƙashin hafsa ɗan ajin barade. In mutum ya cika shekara 25 sai a ba shi 'yancin zama ɗan ƙasar Rum, da shaidarsa a rubuce a farantin tagulla. To, a wani sansani mai suna Bindolanda a arewacin Ingila, tun daga 1973 ake tono wasu siraran allunan itace masu rubutun tawada, waɗanda danshin ƙasa ya adana. Ɗaya daga cikinsu rahoton ƙarfin bataliya ta ɗaya ta Tungurawa ce, mutanen ƙasar Beljiyam ta yau, na ranar 18 ga Mayu, wajen ƙarshen ƙarni na farko. A rajista mutum 752 ne, da senturiyon shida. Waɗanda ba sa nan 456, ciki har da 337 da aka tura wani sansani, da 46 da ke gadin babban jami'i, da senturiyon ɗaya da ke Landan. Waɗanda ke nan 296, da senturiyon ɗaya tak. Cikinsu ma 15 ba su da lafiya, 6 sun ji rauni, 10 na ciwon ido. Masu iya ɗaukar makami a ranar 265 ne, kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗori. Abin da ya kama ni a nan ba ƙarancinsu ba ne. Akawun ya san inda kowane mutum yake, bai kuma rubuta 752 ya aika don ya faranta wa na sama rai ba.

Irin wannan rahoto ya matso kusa da mu fiye da yadda muke zato. In ka cire Masar, runduna ɗaya ce tak ta tsare arewacin Afirka, wato ta 3 mai laƙabin Agusta, wadda hedikwatarta ke Lambesis kusa da Batna a Aljeriya, inda Sarki Hadiriyan ya duba fareti a shekara ta 128 ya yi wa kowane rukuni jawabi. Wannan runduna ta tura 'yan tsirarun sojoji can bakin Sahara, suka zauna a Gadamas, garin da fatakensa suka daɗe da sanin Kano daga baya, suka kuma gina sansani a Bu Najem ta ƙasar Libiya a shekara ta 201, ƙarƙashin senturiyon ɗaya. A can babu itace balle takarda, don haka a kan sakaina, wato fasassun tukwane, suke rubuta rahoton kullum: wane na bakin ƙofa, wane na hasumiyar tsaro, wane na gidan burodi, wane na gidan wanka, wane ba shi da lafiya. Wata sakainar ma ta ba da labarin isowar Garamantawa, mutanen Fazzan, ɗauke da sha'ir, da alfadarai huɗu da jakai huɗu. Ko jakin da ya shigo sai an ƙirga shi.

Jama'a, da na tsaya a nan da kun ce na zo yi wa Rumawa kirari. Mutumin da ke riƙe da runduna shi ne kuma zai iya ruɓar da ita, domin sandar da rajistar aiki duk a hannunsa suke. Shi ke cewa wane zai je yankan itace, wane zai kwashe makewayi, wane zai sami hutu. Sai ya zama al'ada soja ya biya senturiyon don a ɗauke masa aiki. A shekara ta 14 Miladiyya, da labarin mutuwar Agustus ya iso, rundunoni uku a Fanoniya, kudu da kogin Danub, da wasu huɗu a bakin kogin Rayin suka yi bore. Masanin tarihi Tasitus ya kawo kokensu. An riƙe wasu shekara 30 har 40 ba a sallame su ba, alhali ƙa'ida 20 ce da 'yan shekarun jiran ko-ta-kwana. Kuɗinsu as 10 ne a rana, as 16 kuwa ke yin dinariyus ɗaya, kuma a ciki za su sayi tufafi da makami da tanti, su kuma sayi sauƙin senturiyon. Agustus ya riga ya kafa asusun sallamar sojoji a shekara ta 6, wanda ake cikawa da harajin gādo na kashi 5 cikin ɗari da na ciniki kashi 1, kuma kowane soja na da dinariyus 3,000 in ya gama. Amma in ba a sallame ka ba, ba a biya ka ba, ashe jinkirta garatuti ma tsohuwar dabara ce. Da Jamanikus, ɗan gidan sarauta, ya zo lallashinsu, tsofaffin sojoji suka riƙa kama hannunsa kamar za su sumbata, sai su cusa yatsunsa a bakinsu ya ji dasashi babu haƙori.

Da fushin ya fashe, ba kan Sarki ya fara sauka ba, kan senturiyon ya sauka. A Fanoniya akwai wani Lusiliyus da sojoji suka laƙaba wa suna "Kawo Wata", saboda in ya karya sanda a bayan soja sai ya ɗaga murya a miƙo masa wata. Shi suka kashe, sauran suka ɓuya. A bakin Rayin kuwa kama su aka yi ana yi wa kowane bulala 60, sannan a jefar da su bayan ganuwa ko a cikin kogi. Boren Fanoniya husufin wata ne ya kashe shi. Sojoji suka ga wata ya dushe, suka ɗauka ishara ce a kansu, suka fito suna kaɗa tagulla suna busa ƙaho don ya warke, kamar dai yadda muke fita da gwangwanaye muna yara in wata ya yi zazzaɓi. Gajimare ya rufe shi, jikinsu ya yi sanyi, kafin gari ya waye an raba kansu.

A bakin Rayin, bayan an zubar da jini mai yawa, Jamanikus ya yi wani abu da ban ga irinsa ba a karatuna. Ya kira senturiyon ɗaya bayan ɗaya a gaban runduna, kowa ya faɗi sunansa, da muƙaminsa, da garinsu, da shekarunsa a aiki, da abin bajintar da ya yi. In hafsoshi da sojoji suka shaide shi da ƙwazo da gaskiya, ya ci gaba da riƙe sandarsa. In baki ya zo ɗaya cewa azzalumi ne ko mai kwaɗayi, a sallame shi nan take. Sai dai rangwamen shekarun aiki da aka yi musu alkawari, Sarki Tibariyus ya soke shi a shekara mai zuwa, kuɗin hutun nan kuma bai mutu ba. Shekara 55 bayan haka, a 69, sojoji suna nan suna kuka da shi, har ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na kamfani na iya watsewa muddin sun biya, wasu ma sai sun yi sata ko ƙwadago su sami abin biya, wanda aka ga yana da ɗan abin hannu kuwa a matsa masa da aiki har sai ya saya. Sarki Oto bai iya hana senturiyon ba, don yana tsoron ɓata musu rai, sai ya ce baitulmali zai riƙa biyan kuɗin a madadin sojoji. Wato aka mayar da cin hanci alawus, sarakunan da suka biyo baya kuma suka bar shi a haka.

Da na karanta wannan sai na ji kunya ta kama ni, kuma tun da an ce a faɗi gaskiya a gaban malamai, bari in faɗa. Shekarar da aka ba ni shugabancin ɗakin kwananmu, ni ke raba aikin safiyar Asabar. Akwai wani ƙaramin yaro ɗan aji ɗaya da ake kawo wa madarar gwangwani da suga daga gida duk ranar ziyara. Zango biyu cur sunansa bai taɓa fitowa a wankin makewayi ba, wani yaron kuma da ba a zuwa ganinsa ya yi shi kusan kowane mako. Babu malamin da ya sani, domin jadawalin da nake kai wa malamin gida tsaf yake. Su biyun duk suna cikin zauren nan yau, na gan su. Mai madarar ba ya bi na komai, ciniki muka yi. Ɗayan kuwa, ƙanena, in an tashi ina roƙon ka jira ni a bakin ƙofa, akwai maganar da ya kamata in yi maka tun shekaru da yawa.

Mai girma shugaba, na ga sakatare yana nuna mini agogo. Malam, ga aikin gidan nan, in akwai gyara ina nan da jan birona na ara maka.